Jakin Jeji da Gansakuka: Darasi Kan Sunayen Halittu da Ƙidayarsu



Darasinmu na wannan fitowa ya ɗauko abu biyu waɗanda kowa ya raina. Na farko jaki, wanda ke wuce ƙofar makarantarku da safe da mangalar yashi, ko da buhunan shinkafa daga fadama. Na biyu gansakuka, koren abin nan da ke mannewa a gindin randa da bakin rijiya da damina, wanda inna ke sa ka kankare shi. Kada ka yi dariya tukuna. Jakin nan yana da ɗan'uwa a jeji wanda ya kusa ƙarewa a duniya, gansakuka kuwa akwai irinta da ta riga ta ƙare ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Abin da nake so ka gane shi ne yadda masana ke sanin haka, watau yadda suke ba halitta suna, sannan su ƙidaya ta.

Suna kafin ƙidaya

Idan za ka aika wasiƙa ga abokinka a Argungu, ba ka rubuta sunansa kawai. Sai ka sa ƙasa, da jiha, da gari, da shiyya, da gida. Haka masana ke yi wa kowace halitta adireshi mai hawa bakwai, daga babban rukuni da ya haɗa dukkan dabbobi har zuwa ƙaramin da ya ware iri ɗaya tak. Hawa uku na ƙarshe su ne za mu yi aiki da su a nan: dangi, sai jinsi, sai nau'i. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus shi ya daidaita tsarin kiran kowane nau'i da kalma biyu ta Latin, ta farko sunan jinsi, ta biyu sunan nau'i. Ya yi wa tsirrai haka a littafinsa na 1753, dabbobi kuma a 1758. Amfanin abin shi ne, likitan dabbobi na Birnin Kebbi da na ƙasar Sin ba sa jin harshen juna, amma in an rubuta Equus asinus duk sun san jaki ake nufi.

Doki da jaki da jakin dawa mai zane-zanen fari da baƙi duk jinsinsu ɗaya, Equus. Dubi ƙafarsu: kofato ɗaya ne dunƙulalle, ba rababbe ba irin na saniya da akuya. Saboda haka karkanda ta fi saniya kusanci da jaki, ko da yake ido ba zai gaya maka haka ba.

To, me ya sa doki da jaki ba nau'i ɗaya ba ne? Amsar tana wurin alfadari. In jaki ya haye goɗiya ana samun alfadari, dabba mai ƙarfi da juriya, amma ba ya haihuwa, sai dai abin da ba a rasa ba can ba a cika gani ba. A cikin kowace ƙwayar halittar jikin doki akwai zaren gado 64, na jaki 62, alfadari ya tashi da 63, lissafin ba ya rabuwa biyu daidai. Wannan ita ce babbar alamar da ake dubawa: dabbobi biyu nau'i ɗaya ne idan suna haihuwa da juna, 'ya'yansu su ma su haihu.

Mu Hausawa muna da namu rabe-raben. Tambayi kowane dillalin jakai zai lissafa maka auraki, da duna, da fari, da idabari. Masu bincike a cibiyar nazarin dabbobi ta Shika kusa da Zariya ma da waɗannan sunaye suke aiki. Amma wannan rabon launi ne. Auraki da duna suna haihuwa, ɗansu ya haihu, don haka duk nau'i ɗaya ne. Riƙe wannan bambanci da kyau, don yakan zo a jarrabawa.

Jan Kundi

Akwai wata ƙungiya ta duniya da ake kira IUCN a taƙaice, an kafa ta a 1948, hedikwatarta tana ƙasar Suwizalan. Tun 1964 take ajiye wani kundi da ake ce wa Jan Kundi, inda ake rubuta halin da kowane nau'i yake ciki. Ka ɗauke shi kamar tsani. A ƙasa akwai waɗanda ba a jin tsoron ƙarewarsu. Sama da su waɗanda suka kusa shiga haɗari. Sai matakai uku na haɗari: mai rauni, mai cikin haɗari, da mai bakin halaka. Daga nan sai wanda ya ƙare a jeji amma akwai saura a gidan zu, sannan wanda ya ƙare ƙurmus. A gefen tsanin kuma akwai ɗaki biyu: na waɗanda aka duba amma bayani bai isa a yanke hukunci ba, da na waɗanda ba a ma duba ba. Kada ka manta da ɗakunan nan biyu, za mu dawo kansu.

Ba da ka ake sa dabba a mataki ba, akwai ma'auni. Alal misali, ana sa nau'i a bakin halaka idan manyan da suka isa haihuwa ba su kai 50 ba, ko ba su kai 250 ba kuma suna ci gaba da raguwa, ko kuwa ya ragu da kashi 80 cikin ɗari a shekara goma ko a tsawon zuriya uku. Lura, manya ake ƙidayawa, don su ne iri.

Kuma tsanin nan ana saukowa daga kansa. Dokin jeji na ƙasar Mongoliya an daina ganinsa a daji bayan 1969, sai waɗanda ke gidajen zu. Aka yi ta kiwonsu, daga 1992 aka fara mayar da su ƙasarsu, zuwa 2011 an sauko da shi matakin mai cikin haɗari. Ga kuma misali a maƙwabta: raƙuman dawa na yankin Kure a Jamhuriyar Nijar saura 49 suka rage a 1996, amma da aka tsare su sun haura 600.

Kakan jakinmu

Yanzu ga wanda muka taru dominsa. Sunansa Equus africanus, mu a nan za mu kira shi jakin jeji, don kada ka haɗa shi da jakin dawa mai zane a duk jiki. In ka gan shi daga nesa sai ka ce jakin gidanku ne ya yi ƙiba ya ƙara tsawo: launin toka mai ɗan ja, farin ciki, dogayen kunnuwa, geza a tsaye. Yana da reshe biyu. Na Nuba yana da baƙin layi da ya gitta kafaɗa, irin wanda kake gani a bayan yawancin jakanmu. Na Somaliya kuwa ƙafafunsa ne ke da zobba baƙaƙe, sai ka ce ya sa safa.

Daga wannan dabba aka samo jakin gida. Wani babban bincike na ƙwayoyin gado da aka buga a 2022 ya nuna an fara horar da jaki a gabashin Afirka kimanin shekara 7,000 da suka wuce, daga can ya bazu duniya. A Abidos ta ƙasar Masar an tono ƙasusuwan jakai goma da aka binne kusa da makwancin wani sarki shekara kusan 5,000 baya, kuma ƙashin bayansu ya nuna alamar ɗaukar kaya. Ashe jakin da kake jifa da dutse ya riga dokin Sarki shiga hidimar ɗan'adam.

Ina jakin jeji yake yau? Ya saura a hamadar Danakil, tsakanin Habasha da Eritiriya, wurin duwatsu da gishiri, ɗaya daga cikin wurare mafi zafi a duniya. Tun 1996 yake matakin bakin halaka. A ƙiyasin da IUCN ta fitar a 2015, manyan da suka isa haihuwa ba su wuce 200 ba, mai yiwuwa ma su yi ƙasa da haka nesa. Ka yi tunani: ɗaliban makarantarku kaɗai sun fi su yawa. Reshen Nuba kuwa, wanda ya fi kusa da jakinmu, an daɗe ba a tabbatar da ganinsa ba, masana na tsoron ya tafi.

Me ya ci su, alhali dabba ce da ke iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinta saboda ƙishirwa, ta sami ruwa ta mayar cikin 'yan mintoci? Na farko farauta, don nama da kuma magani, ana cewa kitsensa da romon ƙashinsa na warkar da tarin fuka da ciwon gaɓɓai. Yaƙe-yaƙen yankin sun cika hannun mutane da bindigogi, abin ya ƙara muni. Na biyu ruwa. Macen da ke shayarwa dole ta sha ruwa kusan kullum, ba ta iya yin nisa da mashaya, mashayar kuwa makiyaya sun kewaye ta da raƙuma da awaki. Ba laifin makiyayan ba ne, su ma rai suke nema, amma jakar da ta rasa ruwa ɗanta mutuwa yake yi, ita kuwa sai ta yi kusan shekara guda da ciki kafin ta haifi ɗaya tak. Na uku shi ne mai ban mamaki: jakin gida da na jeji suna haihuwa da juna, 'ya'yan su haihu. In na jeji suka yi kaɗan suna cuɗanya da na gida, a hankali sai jininsu ya narke, a wayi gari ga jakai a daji amma asalin ya ɓace. Wannan kusanci ne ma ya sa masana da yawa ke ɗaukar jakin gida a matsayin reshen na jeji, suna rubuta shi Equus africanus asinus. Akwai sauran na Somaliya a gidajen zu, musamman zuriyar waɗanda gidan zu na Basel a Suwizalan ya kawo a 1970.

Ku da kuke karatun fiƙihu, wannan rabo ba baƙo ba ne gare ku. Kun san an hana cin naman jakin gida a ranar Haibara, kun kuma san labarin Abu Ƙatada, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya farauto jakin jeji a shekarar Hudaibiyya aka halatta cinsa. Hukunci ya bambanta saboda an rarrabe dabbobin biyu. Jakin jejin da ya zauna a ƙasashen Sham da Iraƙi da arewacin Larabawa wani nau'i ne daban, reshen jakin jejin Asiya. A 1927 aka harbe na ƙarshe da aka sani a daji kusa da Azraƙ a ƙasar Jodan, a shekarar kuma na gidan zu na birnin Biyana ya mutu. Dabbar da mawaƙan Larabawa na da suka cika waƙoƙinsu da siffanta gudunta, yau sai dai hoto.

Na gida fa?

Jakin gida ba ya cikin Jan Kundi, don kundin na halittun daji ne. Amma kada wannan ya kwantar maka da hankali. Kwanakin baya na zauna da wani dattijo mai jigilar yashi a bakin gulbi, na tambaye shi ina sauran jakansa. Ya ce, "Malam, da huɗu gare ni. Guda ɓarayi sunka kwance da dare, guda na saida da anka yi man tayin da ban taɓa ji ba. Yanzu wanga kuɗi ko ɗan jaki ba su saye."

Dalili shi ne fata. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, ana sha don magani da gyaran jiki. Jakansu da suka kai kimanin miliyan 11 a farkon shekarun 1990 sun ragu ƙasa da rabi, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Wata ƙungiyar Ingila mai kula da jakai, Donkey Sanctuary, ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka jakai aƙalla miliyan 5.9 duk shekara saboda wannan ciniki. Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakai tun 2016, shugabannin Tarayyar Afirka kuma suka amince da hana yanka jaki don fata a taronsu na Addis Ababa a watan Fabrairun 2024. Doka dai an yi ta, amma ni a ganina aikin yana wurin masu iyaka da masu kasuwa. Jaka ba akuya ba ce da za ta haifi biyu-biyu. Wanda kuwa zai sha wahala in jaki ya gagara saye, shi ne talakan da ba shi da kuɗin amalanke balle na mota, da yarinyar da tulun ruwa zai koma kanta.

Gansakuka iri biyu ce

Mu koma ga ƙaramar. Kalmar gansakuka a bakinmu ta haɗa abubuwa da masana suka raba nesa da juna. Akwai mai santsi kamar zare da ke yawo a kududdufi da gefen gulbi, ba ta da kara ba ta da ganye. Wannan mu kira ta gansakukar ruwa. Akwai kuma mai laushi kamar karan-miski da ke fitowa a gindin katanga mai inuwa, ko bakin rijiya, ko jikin tsohon itace. Wannan mu kira ta gansakukar tudu, masana na kiran rukuninta Bryophyta, kuma ita ce darasinmu. Kainuwa ba ta cikin ko ɗaya, ita tsiro ce mai fure.

Gansakukar tudu tsiro ce sosai, tana da ɗan kara da 'yan ganye, sai dai ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Da ganyenta take shan ruwa, ganyen kuwa sau da yawa kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya ce tak. In lokaci ya yi sai ta fito da wani siririn tsinke mai ɗan ƙoƙo a kai, cike da ƙura mai laushi. Iska ta kwashi ƙurar, inda ta faɗa mai danshi sai sabuwa ta tsiro. Haɗuwar namiji da mace a wurinta sai da ruwa, don ƙwayar namijin iyo take yi. Shi ya sa kake ganinta da damina. Da rani ta bushe ƙirin kamar ta mutu, amma nau'o'i da yawa in ka ɗiga musu ruwa sai su koma kore kana kallo. An san nau'i kusan 12,000, kuma ana fara lissafin sunayen yawancinsu daga littafin wani Bajamushe, Hedwig, na 1801. Wadda littattafan sakandare ke zanawa ita ce Funaria, mai son wurin da aka ƙona. Aikinta a ƙasa shi ne riƙe danshi da ɗaure turɓaya, ta share wa manyan tsirrai fage.

Ga labarin wata da ta wahalar da masana. A 1861 wani Bature mai suna Mitten ya duba wani ɗan tsiro da aka tsinko a duwatsun Himalaya, ya sa shi a wani rukuni na kusa wanda ba na gansakukar tudu ba. A 1958 masanan Japan suka ba jinsin suna Takakia, su ma a can suka bar shi. Sai a 1990 aka ci karo da shi a wani tsibiri na Alaska ɗauke da tsinkensa da ƙoƙonsa, nan take aka gane gansakukar tudu ce. Shekara kusan 130 yana zaune a gidan da ba nasa ba. Da aka san shi aka fara bibiyarsa, binciken da aka buga a 2023 ya nuna a tsaunukan Tibet yana raguwa da kashi 1.6 cikin ɗari kowace shekara, yayin da wurin ke ƙara ɗumi.

Wata kuwa ba ta yi wannan sa'a ba. Sunanta Neomacounia nitida. Wani masani, John Macoun, ya tsince ta a jikin itatuwa cikin wata fadama kusa da garin Belleville na Kanada a farkon shekarun 1860. Ba a taɓa ganinta a wani wuri ba. Aka sare itatuwan aka gyara wurin, shi ke nan. An nema an nema, yau tana matakin ƙarshe na Jan Kundi. Mutanen da suka sare fadamar ba su ma san sun kashe wani abu ba.

A Turai sun duba nau'i fiye da 1,800 na wannan dangi a 2019, suka tarar kusan kashi 22 cikin ɗari na cikin haɗari. Namu na kwarin Rima fa? Ka tuna ɗakuna biyun nan na gefen tsani. Yawancin gansakukar duniya a nan take zaune, ba a duba ta ba. Sunan abu in ba ya cikin jerin masu haɗari, ba lallai lafiya yake ba, wataƙila ba wanda ya durƙusa ya kalle shi ne.

Kabawa sun san wannan tun kafin IUCN. Masuntan Argungu suna kiran kifaye ɗaya bayan ɗaya da sunansu, giwan ruwa daban, tarwaɗa daban, ƙarfasa daban, shi ya sa in wani ya yi ƙaranci suna lura. Kuma bisa al'ada ana kame Matan Fada, Sarkin Ruwa na tsaro, ba a su a wurin sai ranar biki, don kifi ya samu ya girma. Kifi yana da masu suna da masu tsaro. Gansakuka kalma ɗaya muka ba ta duka.

Aikin gida

Na ɗaya, wannan mako ka tsaya minti talatin a bakin hanyar kasuwa ko hanyar fadama, ka ƙidaya jakan da suka wuce. Rubuta launin kowane, da ko yana da layin kafaɗa, da ko akwai zobba a ƙafarsa. Ka sa rana da lokaci da wuri, don ƙidayar da ba ta da kwanan wata ba ta da amfani.

Na biyu, ka tambayi baba ko kaka jakai nawa ne a gidanku ko shiyyarku lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, da kuma nawa ne yanzu. Ka rubuta amsar yadda suka faɗa, kada ka gyara musu.

Na uku, in damina ta zauna, ka ɓanɓaro gansakuka kamar faɗin farce daga wuri biyu daban, kada ka kwashe duka. Ƙananan yara kada su je bakin rijiya sai da babba. Ka duba ko tana da kara da ganye, ko zare ce mai santsi. Ka shanya ta a inuwa, ka naɗe a takarda ba a leda ba, don leda na ruɓar da ita, ka rubuta inda ka samo ta. Bayan mako guda ka ɗiga mata ruwa, ka duba agogo, ka rubuta minti nawa ta yi kafin ta koma kore. Ku kawo takardun wurin malamin ajinku, za mu haɗa na Birnin Kebbi da na Argungu mu buga abin da kuka samo a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.